Baƙin ɗigo a cikin endoskop: ruwan magani ne ya cinye rufin zaren ko daga hannunmu ne?

Ƙaramin Injiniya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah waɗanda suka riga ni shiga aikin nan ku taimaka min. Muna da wani endoskop na faiba, irin tsohon nan mai ido da ake leƙawa, wanda ake duba hanyar numfashi da shi, wata shida da suka wuce in ka leƙa baƙin ɗigon da ke ciki bai fi huɗu ko biyar ba, yau da safe na saita shi a kan farar takarda na leƙa wallahi kamar ƙuda sun yi kashi a madubi, na ƙirga har na wuce arba'in na haƙura. Kuma ta gefe ɗaya akwai wani dishi-dishi ruwan ƙasa kamar shayi ya zube ya bushe. Oga ya ce ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake jiƙa shi a ciki ne ya cinye rufin da ke jikin zaren gilas ɗin, wai a canza magani. Ni dai hankalina bai kwanta da maganar ba. Wai zaren nan yana ma da rufi a jikinsa? In yana da shi da me aka yi shi, kuma ta ina magani zai kai gare shi?

Ɗan Faiba:
Wa alaikumus salam. Ni ba a asibiti nake ba, faibar intanet nake haɗawa, amma gilas ai gilas ne. Namu zaren kaurin gilas ɗinsa maikiron 125 ne (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), sai a shafe shi da wata roba da ake kira akirilet ya koma 250. Kafin mu haɗa biyu dole mu ɓare robar nan da filaya ta musamman, toh daga lokacin da ka ɓare shi ya zama kamar ƙwai, ya ɗan gogi tebur ko bakin filayar ya karce shi, kana lanƙwasawa za ka ji ƙas. Wanda ke cikin rigarsa kuwa sai ka zagaya shi a yatsanka bai ce komai ba. Saboda haka eh, rigar nan ita ce ransa.

Malamin Fiziks:
Ɗan Faiba ya faɗi gaskiya amma bari in raba abu biyu da mutane ke haɗawa, don in ba a raba su ba muhawarar nan ba za ta je ko'ina ba. Zare ɗaya yana da ɓargo a tsakiya, gilas ne, shi ne hanyar haske. Sai wani gilas ɗin daban da ya kewaye shi kamar ɓawon rake, wanda bai kai na tsakiyar tanƙwara haske ba, saboda wannan bambancin ne in hasken ya zo zai fita sai ya koma ciki. Wannan ɓawon aikinsa tsare haske. Sai kuma riga ta uku a waje, roba ko wani shafi, ita ba ruwanta da haske a yawancin zare, aikinta ta hana gilas ɗin karcewa kuma ta rage masa haɗuwa da danshi.

Abin da ya sa karcewa take da haɗari, ku je wurin masu yankan gilas ɗin taga a kasuwa ku tsaya ku kalla. Mutumin ba yanka gilas yake ba, layi ɗaya yake ja da ɗan ƙarfen nan, siririn karce da ƙyar ake gani, sai ya ɗora a bakin tebur ya danna, gilas ya rabe daidai kan layin. Wasu ma har jiƙa layin suke yi kafin su danna, kuma ba camfi ba ne, ruwa yana shiga bakin tsagar ya warware haɗin da ke tsakanin silikon da iskar oksijin, tsagar ta ƙara tafiya. Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, tun wajen 1920 ya nuna cewa ƙananan tsagogin da ke fatar gilas su ne ke rage masa ƙarfi, kuma da siraran zaren gilas ya yi gwajinsa. Sabon zaren gilas na silika da aka ja daga wuta ba abin da ya taɓa shi yana ɗaukar ja har wajen gigafaskal 5 a ma'aunin ƙarfi, ya fi yawancin ƙarfen da muka sani nesa ba kusa ba. Shi ya sa a masana'anta ana jan zaren daga murhu mai zafin kusan digiri 2000, kafin ya taɓa ko da taya ɗaya ta injin an riga an zuba masa rigar an busar da ita.

Anti Nas:
Toh ni dai tun kafin a je da nisa, don na san inda maganar nan take zuwa, kullum ƙarshenta a ce nas-nas ne suka ɓata. Shekara goma sha ɗaya ina wanke na'urorin nan. Gulutaraldehaid mai kashi 2 cikin ɗari da muke jiƙawa a ciki, masu ƙera na'urar ne da kansu suka rubuta a littafinsu cewa ana iya amfani da shi. In da yana cin zaren ai da duk endoskop ɗin duniya sun makance. Ƙanena ka gaya wa ogan naka da ladabi ya sake dubawa.

Baba Mai Gyara:
Anti kwantar da hankalinki, ba wanda ya kira sunan nas tukuna. Ɗana, tambaya ɗaya zan maka kafin in ce komai: yaushe rabon da a yi wa na'urar nan gwajin yoyo, wato a hura mata iska a ga ko tana da huji, kafin a tsoma ta a ruwa?

Ƙaramin Injiniya:
Baba gaskiya famfon gwajin ya lalace tun kafin azumi, an rubuta a sayo wani har yanzu shiru. Haka ake ta wankewa.

Baba Mai Gyara:
Toh ka ga inda gizo ke saƙar. Ni na buɗe cikin na'urorin nan da hannuna ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, bari in gaya maka abin da ke ciki. Damin zaren da ke ɗauko hoto ba irin na Ɗan Faiba ba ne. Kowane zare kaurinsa bai fi maikiron 10 ba, wani ma bai kai ba, gashin kanka ya ninka shi sau da yawa, kuma dubbai ne a dami ɗaya, wani dubu goma wani ya fi haka, kowane zare ɗigo ɗaya ne na hoton. Shi ya sa in ka leƙa da kyau kake ganin kamar saƙar zuma. In da za a sa wa kowane ɗaya rigar roba mai kauri irin ta faibar intanet, damin ba zai shiga hancin kowa ba. Abin da ake yi, ana ƙera su da gilas na uku a waje wanda asid ke narkarwa, a ja su gaba ɗaya a manne kamar sanda, a rufe kai biyun, sai a tsoma tsakiyar a asid ya cinye gilas na ukun. Sai ka samu kai da gindi a ɗaure cif kowane zare yana mazauninsa, tsakiya kuma a sake kamar tsintsiya. Kamfanin Schott na Jamus yana cikin masu yin irin wannan.

To zaren nan da suke a sake dole su riƙa zamewa a jikin juna duk lokacin da likita ya murɗa kan na'urar. Kariyarsu ita ce ɗan siririn shafi mai santsi, sai siririyar jakar roba da aka zura damin a ciki, sai wata baƙar hoda da ake barbaɗawa a cikin bututun gaba ɗaya, molibdinam disalfaid, in ta taɓa maka yatsa kamar ka murza bakin fensir, sai ka sha wanki kafin ta fita. Duk wannan an yi shi ne don wuri busasshe. Ranar da ruwa ya samu ƙofa ya shiga, hodar nan ta dame ta koma kamar kwaɓaɓɓen toka, ta bushe ta yi tauri, zaren su manne da juna, gobe a murɗa na'urar maimakon su zame sai su ja juna su tsinke. Kowane ɗigo da ka ƙirga zare ɗaya ne da ya mutu. Dishi-dishin nan mai ruwan shayi da ka gani a gefe kuwa, ni a wurina sawun ruwa ne.

Saboda haka ogan naka yana da rabin gaskiya, mai yiwuwa maganin ya kai ga zaren. Amma ko ruwan famfo ne ya shiga haka zai yi. Ku canza magani sau goma, in ƙofar tana nan ba abin da zai sauya.

Anti Nas:
Alhamdulillah. Allah ya ƙara girma Baba. Ni ma sau nawa ina cewa kar a tsoma in ba a gwada ba, sai a ce marasa lafiya na layi.

Abban Sadiq:
Ni fa ina ganin kuna mantawa da yanayinmu. Kayan nan a ƙasashen sanyi aka ƙera su, a kawo su inda zafi ke haura digiri 40 ga ƙurar hunturu, dole roba ta bushe ta tsage. Ba komai ne laifin mutum ba.

Malamin Fiziks:
Abban Sadiq zafin gari bai kai ya taɓa zaren ba. Akirilet na yau da kullum yana jure har wajen digiri 85, shi kuma gilas ba a ma maganarsa. Inda zan yarda da kai shi ne robar waje, musamman in an bar na'ura a mota cikin rana ko kusa da taga, wannan kam yana tsufar da ita da wuri. Amma ka lura na ce in an bar ta.

Abban Sadiq:
Na ji Malam, amma ni dai na ga robar da ta tsage a cikin kabad ba wanda ya taɓa ta.

Baba Mai Gyara:
Tana yi, roba tana da shekarunta ko ba a taɓa ta ba. Ai shi ya sa ake gwajin kullum, don ba ka san ranar da za ta buɗe ba.

Dakta Na Ciki:
Salam. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda Anti ta ce kullum a kansu ake sauke kaya, bari in faɗi namu ɓangaren. Robar da ke gaban na'urar, wurin da ke lanƙwasawa, ita ce mafi laushi a jikinta duka, kuma a hannunmu take shan wahala. Na sha ganin an rasa jel mai ruwa an ɗauko basilin an shafa, alhali duk man da aka samo daga fetur yana kumbura robar ya sassauta ta. Na ga an shiga ta baki ba a sa abin cizo ba mara lafiya ya datse haƙora. Na ga an tura almakashin ɗaukar nama da ƙarfi alhali kan na'urar yana lanƙwashe, ya huda bututun ciki, wannan hujin ma ba za ka gan shi da ido ba sai gwaji. Ga kuma rufe murfin akwati a kan wutsiyar na'ura cikin sauri.

Kuma abin yana min ciwo ne saboda na san wahalar da aka sha kafin a samu rufin nan. Wanda ya fara haɗa endoskop mai lanƙwasa na faiba likitan ciki ne haifaffen Afirka ta Kudu, Basil Hirschowitz, a Jami'ar Mishigan ta Amurka, kuma a watan Fabrairun 1957 shi ya fara haɗiye ta da kansa kafin ya saka wa mara lafiya. Malam ka fi ni sanin ɓangaren gilas ɗin, dan Allah ka ƙarasa.

Malamin Fiziks:
Ranka ya daɗe Dakta, ai labarin nan duk labarin rufi ne. Tun 1930 wani ɗalibin likitanci a Jamus, Heinrich Lamm, ya tura hoto ta cikin damin zaren gilas, amma hoton bai da kyau. A 1954 Harold Hopkins da Narinder Kapany a Landan suka fitar da nasu aikin a mujallar Nature, su ma zarensu tsirara yake. Matsalar zare tsirara ita ce duk inda biyu suka taɓa juna haske sai ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, ko maiƙon yatsa ya taɓa shi haske ya zube ta wurin, kafin a yi nisa hoton ya dushe. A shekarar dai, a mujallar dai, Abraham van Heel na ƙasar Holan ya nuna cewa in aka lulluɓe zaren da wani abu mai barin haske ya wuce amma bai kai shi tanƙwara haske ba, matsalar tana raguwa. An gwada abubuwa iri-iri, wani mutumin Denmak, Holger Møller Hansen, har man majarin na shafa wa burodi ya gwada.

A Mishigan ɗin, C. Wilbur Peters malamin fiziks da ke aiki da Hirschowitz ya fi karkata ga shafin roba irin na fenti, amma hasken yana raguwa sosai. Sai wani ɗalibi da bai ma gama digirin farko ba, Lawrence Curtiss, ya zura sandar gilas a cikin bututun wani gilas ɗin, ya narka su tare ya ja, a watan Disambar 1956. Nan aka samu zare mai ɓawon gilas, wata biyu bayan haka Hirschowitz ya haɗiye na'urarsa. Ina yawan ba ɗalibaina labarin nan, don yaro ne ya warware abin da ya gagari manya.

Hajiya Mai Kemis:
Ni tambayata ta jahilci ce ku yi haƙuri. Tunda jiƙawa a ruwa ce ke jawo wannan, me zai hana a sa ta a otokilef kamar sauran kayan tiyata a huta?

Anti Nas:
Kai Hajiya a'a! Mai lanƙwasa ba a sa shi, sai dai in littafinsa ya faɗa ƙarara. Otokilef tururi ne mai zafin digiri 121 ko 134, robar jiki da gam ɗin da ya riƙe madubai duk za su tashi aiki. Masu tauri na ƙarfe irin na tiyatar huda ciki, da yawansu an yi su don otokilef, kuma za ki ga an rubuta a jikinsu.

Malamin Fiziks:
Ƙari kan maganar Anti, akwai rigar zare da ke jure wannan zafin, sunanta foli'imaid, launinta ruwan zuma, siririya ce ƙwarai kuma tana kaiwa wajen digiri 300. Ana sa ta a zaren da aka san zai sha zafi ko wanda ake so ya shiga matsattsen wuri. Akwai ta robar silikon mai laushi, akwai kuma wadda ake shafa kabon siriri a kan gilas ɗin don ya toshe danshi gaba ɗaya, tunda roba komai kyanta tururin ruwa yana ratsa ta a hankali. Amma ko zaren ya jure, na'urar ba zare kaɗai ba ce, abin da ya fi rauni a jikinta shi ke yanke hukunci.

Ɗan Birni:
Duk wannan dogon bayani, ku sayi na bidiyo mana mai kyamara a baki. Faiba ai zamaninta ya wuce.

Baba Mai Gyara:
Ɗana na bidiyo tun 1983 kamfanin Welch Allyn ya fito da shi, ba sabon abu ba ne, kuma har yau a yawancinsu hasken da ke haska cikin mara lafiya ta damin zaren gilas yake tafiya. Hoton ne kawai ya koma bin wayar lantarki. Zaren hasken sun fi kauri kuma ba a jere suke ba, shi ya sa in sun karye ba ka ganin ɗigo, sai dai likita ya riƙa cewa yau ciki ya yi duhu a ƙara wuta. Ka cire igiyar hasken ka nuna kai ɗaya ga taga ka kalli ɗaya kan, duk baƙin da ka gani matattun zare ne. Kar dai ka gwada da fitilar injin, tana lahanta ido, bakin igiyar ma yana zafin da zai ƙona zanin tiyata. Sannan na bidiyo in ruwa ya shige shi ba zare kaɗai zai kashe ba har kyamarar, kuɗin gyaran ya fi na wannan.

Dakta Na Fitsari:
Bari in ƙara da namu tunda mu kullum muna riƙe da zaren a hannu. Zaren lezar holmiyam da muke fasa tsakuwar ƙoda da shi guda ɗaya ne, akwai mai maikiron 200 da wani abu, akwai 365, akwai 550, yana da rigar roba mai kala a waje don mu riƙa ganinsa a hoto. Waɗanda ake sake amfani da su, bayan aiki ana ɓare rigar a yanke bakin. In mai ɓarewa ya karci gilas ɗin, zaren zai karye ne a daidai inda na'urar ta lanƙwashe, wutar leza ta fita a cikin bututun ta ƙona shi. Shi ya sa nake cewa a haska jan hasken saiti a ɗaki mai duhu a bi jikin zaren da ido, duk inda ja ya ɓullo ta gefe a ajiye shi. Kuma a miƙar da na'ura kafin a zura zare, kullum.

Ƙaramin Injiniya:
Jama'a na dawo. Na je wani asibiti da ke kusa da mu na aro famfon gwaji na hannu. Na hura iska allurar ta hau, ina kallo tana sauka a hankali a hankali. Na tsoma shi a roba da ruwa mai tsabta da iskar a ciki, da farko shiru, ina murɗa kan sama sai ga ƙananan kumfa suna fitowa a jere kamar carbi daga gindin robar lanƙwasa, daidai inda aka ɗaure ta da zare aka shafe da gam. Na tsame na duba da madubin ƙara girma, gam ɗin ya ɗan ɓantare, wurin bai kai kan allura ba. Na kira oga ya gani da idonsa, ya ce a dakatar da amfani da shi, kuma ya sa hannu a kan takardar famfon yau ɗin nan.

Anti Nas:
Madalla ƙanena. Ka sanar da masu kula da hana yaɗuwar cuta ma, don inda ruwa ya shiga ya kwanta ba a iya wanke wurin, su duba waɗanda aka yi wa aiki da shi.

Ɗan Faiba:
Baba in aka busar da shi ɗigon za su ragu?

Baba Mai Gyara:
A'a, wanda ya karye ya karye, ba a ɗinke shi. In ɗigon sun taru a tsakiyar hoto sai an canza damin gaba ɗaya, in a gefe suke likita zai iya lallaɓawa bayan an gyara robar an busar da cikin. Ɗana kar ka ce za ka liƙe hujin da sufa gulu, za ka kulle danshin ne a ciki ya ci gaba da cin zaren. Kar a sake tsoma shi. A goge jikinsa yadda littafin ya ce a yi wa mai yoyo, a sa shi a leda, ka rubuta a takarda inda kumfar ta fito da adadin ɗigon da ka ƙirga da kuma cewa ba a gama kashe masa ƙwayoyin cuta ba, don mai buɗewa ya san abin da zai taɓa. Sauran na'urorin kuma tunda famfon aro yana hannunka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka mayar.

Ƙaramin Injiniya:
In sha Allah Baba, guda uku ne suka rage, yanzu zan fara da na ciki. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.